A Kira na Nawa Yake Amsawa?

Tunda na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. A fadarmu, wato majalisar hirarmu ta bakin masallaci, kowa da irin tambayarsa: wai da gaske mun shiga ƙauyuka muna auna yara kamar buhunan gero? Da wane sikeli? Wani ma cewa ya yi ya ji an ba mu wata na'ura da ake ɗora wa yaro a goshi ta yi ƙara. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ni malamin lekol ne, wato makarantar boko, a Maraɗi, shekara ashirin da ɗoriya ina shan alli. A hutun daminar bana wata ƙungiya mai kula da lafiyar matasa ta nemi mutanen da za su zaga yankin Tasawa da Mayahi da takardar tambayoyi, a gano yadda wasannin salula na intanet suka kama yara, wa ke yi don nishaɗi, wa kuma abin ya zame masa jaraba. Na ba da sunana. Abokai na ce musu ɗan abin cefane na je nema, amma ba shi ne dalili ba. Dalilin yana cikin jakata, naɗe a cikin safa: salular ɗana na fari.

Shekararsa goma sha shida. Sunan mahaifina aka sa masa, Haruna. Ga shi na rubuta, amma har ranar da na tashi tafiyar nan sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗan fari ne, kuma mai sunan tsohona, kunya biyu ke nan. In ina son sa sai in ce wa ƙanwarsa, "Kira yaron nan." Bana ya faɗi jarrabawa saboda wani wasan harbe-harbe da ya shiga ransa. Na ƙwace salular, na gaya wa mahaifiyarsa in aka koma lekol shi ba zai koma ba, Agadas zan aika shi shagon tayoyin ƙanena. Ta yi magiya, ta yi kuka. Na ce to, bari in je in koyo yadda ake auna wannan ciwo, in na dawo in auna shi. In ya kamu, sai Agadas. Ranar da zan tafi bai fito raka ni ba.

Mu uku ne a motar. Akwai Madan Hajara, ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya, wadda bakinta bai yi ritaya ba. Akwai direbanmu Ɗan Juma, dattijo mai furfura, wanda yake magana da motarsa fiye da yadda yake magana da mu. Muka bi kwalta ta Cadawa da Agye da Gazawa, gero kore shar hagu da dama, har muka shiga Tasawa da azahar. Aka sauke mu a wani gidan baƙi mai ɗaki uku da fanka ɗaya. Madan Hajara ta ɗauke fankar ba tare da ta nemi shawarar kowa ba. Ni da Ɗan Juma muka yi fifita da takardun aiki, muka sha fura mai sanyi da wata maƙwabciya ta aiko, furar da har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke.

A Tasawa aka koya mana takardar. Ba wata na'ura, jama'a. Tambayoyi ne a jere. Awa nawa kake wasa a yini? In ba ka wasa, hankalinka yana can? In aka karɓe salular, ranka yana ɓaci? Ka taɓa yi wa iyayenka ƙarya a kan wasan? Ka taɓa rasa wani abu mai muhimmanci saboda shi? Kowace tambaya amsarta daga "ban taɓa ba" zuwa "kullum", a ƙarshe a haɗa maki. Ina karantawa ina amsa wa ɗana a zuciya, kuma duk "kullum" nake ba shi.

Kashegari muka nufi wani ƙauye kusa da Kona. A nan muka tafka kuskurenmu na farko, kuma da ladabi muka tafka shi. Ba a shiga gari a tsallake maigari, don haka wurinsa muka fara zuwa. Ya karɓe mu hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiyar bedi, aka buga shela. Kafin mu gama shan ruwa samari sun taru, sun ajiye hauyoyinsu na noma sun tsuguna. Bayansu kuma iyayensu maza suka jeru, kowa da carbinsa, sun zo ganin abin da baƙi za su yi wa 'ya'yansu.

Na kira na farko, wani dogon saurayi. Ya zo ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Kana wasa a salula?"

"A'a, Mushe," in ji shi, yadda ake kiran malamin lekol a wurinmu.

"Ko sau ɗaya?"

"Ban taɓa ba, Mushe."

Ubansa ya gyaɗa kai daga baya. "Wanga ɗan kirki ne, ko salula ba ya taɓawa sai in za a kira yayanshi."

Na biyu, ban taɓa ba. Na uku, ban taɓa ba. Har muka cika takardu masu yawa ba mu sami yaro ɗaya da ya san wasa ba. Na ji daɗi ƙwarai, na raɗa wa Madan Hajara cewa ƙauye dai ya fi birni tarbiyya, da na sani nan zan aiko nawa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Mushe Lawali, kai in an tambaye ka gaban tsohonka ko kana shan taba, mi za ka ce?"

Muka ci dambun zogale da man gyaɗa a gidan maigari, muka yi sallama. Ba mu yi nisa ba Ɗan Juma ya taka birki ya nuna da haɓa. Bayan katangar lekol ɗin garin, inda rezo, wato sabis ɗin salula, ya fi ƙarfi, ga samarin nan duka a jere a inuwa, kawuna a sunkuye, manyan yatsu suna rawa a kan gilashi. Dogon nan na farko shi ne a tsakiya, yana ba da umarni kamar kwamanda. Da suka gan mu suka daskare. Madan Hajara ta fita ta zauna a ƙasa cikinsu, ta ce a ɗora shayi, ita za ta sayi sukari. Muka yaga takardun safe, muka sake daga farko, ɗaya bayan ɗaya, nesa da kunnen kowa.

A nan ma tambayar awa ta ba mu wahala. Mu a birni agogo muke kallo. Su kuwa in ka ce awa nawa sai su ce, "Daga an sauko gona har la'asar." Wani ya ce, "Har batir ya mutu." Na ce batirin awa nawa yake yi? Ya ce ya danganta da ko rana ta fito, don da faranti mai zuƙar hasken rana suke sharji. Na zauna ina mayar da la'asar da gajimare zuwa awowi, ni da ban taɓa son lissafi ba.

Hanyar Mayahi jar ƙasa ce, ruwa ya cinye gefenta. A iyakar Tasawa da Mayahi akwai shinge, igiya ce da tsumma ja a tsakiya. Mai tsaron ya karɓi takardar aikinmu, ya karanta a hankali, ya tambaye mu me muke nema. Da na yi masa bayani ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in mun gama da yara mu dawo mu auna manya, yana da sunayen da zai ba mu. Gaba kaɗan muka faɗa wani kwari da ruwa ya kwanta. Motar ta yi tari ta mutu. Ɗan Juma ya lallashe ta, ya zage ta, ya tuna mata alherin da ya yi mata, ba ta motsa ba. Sai wani mai amalanke ya ɗaura mata shanu biyu suka fitar da mu. Na shiga Mayahi wando a naɗe, takalmi a hannu.

A kasuwar Mayahi na haɗu da mutum na farko da ya ba ni mamaki na gaske. Sunansa Idi, sana'arsa sharjin salula. Rumfarsa ba ta fi ɗakin girki ba, amma bangon katakonta cike yake da saluloli tun daga ƙasa har rufi, wayoyi sun sarƙe kamar saiwar gamji, ko'ina 'yan fitilu suna ƙiftawa. Ba ya rubuta komai, amma bai taɓa ba wani salular wani ba. Na gaya masa aikinmu. Ya ce in ajiye takardata, ya ɗauko wata salula ya sa mini a tafin hannu.

"Ji bayanta. Ka ji ta kumbura? Mai ita sau ukku yake kawo ta a yini. Kuma ba ya tahiya, nan yake tsayawa yana kallonta tana sha, kamar mai jinya." Ya ɗauko wata. "Wagga kau ta mai awaki ce, kwana biyu take yi. Ni ba ni tambayar kowa, Mushe. Batir ba ya jin kunyar uban kowa."

Na tsaya ina kallon bangon nan baki buɗe. Mutum bai taɓa zama a aji ba, ga shi ya san yaran garin da ke cikin hatsari fiye da mu masu takarda. Na so in ciro salular ɗana in ba shi ya taɓa, har na sa hannu a jaka, sai na ji tsoron abin da zai ce. Na bar ta a cikin safarta.

Daga Mayahi muka nufi Isawan. Ƙasa ta fara buɗewa, gero ya gajarce, garkunan shanu da awaki suka yawaita. Aka ce mana in samari muke nema kada mu ɓata lokaci a cikin gari, mu je wani tudun rairayi da ke gabas, can ne kawai rezo ke sauka. Muka isa da hantsi. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Tudu ne tsirara, gawo ɗaya a kansa, a ƙarƙashin gawon samari sun fi ashirin, Hausawa da Fulani da Buzaye, wasu da rawani, wasu da sandar kiwo a hammata. Dabbobinsu suna kiwo a gindin tudu. Kowa ya ɗaga salula sama kaɗan, suna ta ihu da harsuna uku.

Na zauna kusa da wani Bafulatani siriri mai suna Bube. Ina cikin yi masa tambayoyi sai na ji murya ta fito daga salularsa, tana masa faɗa da Fulatanci. Na ce wane ne? Ya ce yayansa ne, yana Libiya, shekara uku ke nan bai zo gida ba. In ya kira waya sai gaisuwa da "kowa lafiya", minti biyu an gama. Amma a cikin wasa rundunarsu ɗaya, suna gudu tare, suna ɓuya tare, yayan yana zaginsa in ya yi wauta kamar dā a wajen kiwo. A nan yake jin ko yayan ya ci abinci, a nan yake gaya masa wace saniya ta haihu. Ga ni a kan tudun da ko hanyar mota babu, yaro yana riƙe da sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana cikin wata ƙasa. Na duba takardata sama da ƙasa, ban ga gurbin da zan rubuta wannan ba.

Da rana ta take, kakar Bube ta aiko a kai mu rugarsu da ke gindin tudun. Inna Dije sunanta, tsohuwa ƙanƙanuwa mai kaifin ido. Ta ba mu nono mai kauri da cuku, wanda na ci har Madan Hajara ta taka mini ƙafa. Tsohuwar ta sa aka fassara mata tambayoyinmu ɗaya bayan ɗaya, tana saurare tana tauna goro. Da aka gama ta ce tambayoyin ba laifi, amma sun yi yawa.

"Ni awona guda ne," in ji ta. "Tsaya ka gani."

Ta miƙe, ta fuskanci tudu, ba ta ma ɗaga murya sosai ba. "Bube!"

Kafin ta rufe baki muka ji "Na'am, Inna!" Sai ga shi yana gangarowa a guje, salula a aljihu, ana ta harbinsa a ciki.

Ta ce ya koma. Ta sake fuskantar tudu. "Sambo!" Shiru. Sambo ɗan'uwan Bube ne, muna hango shi zaune a gindin gawo. "Sambo!" Ko gezau. Ta kira na uku, har wani na kusa da shi ya waiwayo, shi bai ɗago ba. Ta dawo ta zauna.

"Ka gani? Bube ya hi shi daɗewa bisa abin ga, amma Bube na nan tare da mu. In yaro ya amsa kiran hwarko, naka ne. In sai na ukku, kun raba shi da abin. In kau sai ka tahi ka taɓa kahwaɗatai, to ka tashi tsaye, an ɗauke maka ɗa. Watan jiya awakin Sambo sunka shiga gonar mutane yana zaune, da ƙyar anka kashe maganar."

Madan Hajara ta jawo takardar Sambo da muka cika da safe. A tambayar ko ya taɓa rasa wani abu saboda wasa, amsarsa ita ce "sau da yawa". Takarda da tsohuwa sun haɗu a wuri ɗaya, sai dai ita ta riga mu isa. Ina cikin jinjina abin sai tsohuwar ta juyo kaina.

"Kai kana da ɗiya?"

Ban san lokacin da na kwashe labarin duka na gaya mata ba, har da Agadas, har na ciro salular daga safa na nuna mata. Ba ta ko dubi salular ba.

"Shi a kira na nawa yake amsawa?"

Na ce ɗan fari ne, kuma mai sunan mahaifina, ba na kiran sa. Ƙanwarsa nake aikawa.

Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. "Mu za ka gwada ma kunyar ɗan hwari? Ni ma ban taɓa hwaɗin sunan nawa ba. Amma na yi mishi wani suna, Mai Jan Sa, kuma ba ranar da ta hito ta hwaɗi ban kira shi ba, har Allah ya amshi abinshi." Ta tsare ni da ido. "Kai wane suna ka yi ma naka?"

Na ce babu.

"To da mi za ka auna shi? Waɗancan na cikin salula kullum suna kiran shi. Kai ba ka kira ba, ka ce bai amsa ba."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina ɗalibi.

Mun ƙarasa aikin a Mairairai, inda motar ta nutse a yashi har sau biyu, muka kwana a ajin lekol bisa tebura, sauro ya yi bikinsa a kanmu. Na cika takardun da suka rage yadda aka koya mana, amma hankalina yana gida. Muka dawo ta Mayahi muka faɗa kwaltar Cadawa, muka miƙa takardu ga masu su. Abin da makin ya nuna su za su faɗa, ba ni ba.

Na shiga gida da la'asar. Yaron yana zaune a zaure, ya gaishe ni ido a ƙasa, kamar samarin ƙauyen nan gaban iyayensu. Na ciro salular na miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi mahaifiyarsa, ya karɓa da hannu biyu. Na yi wanka, na ci abinci, na ba shi lokaci ya yi sharji ya shiga wasansa sosai. Da na fara jin ƙarar harbi daga ɗakinsa, da muryoyin abokansa suna kiran wani suna da ban san nasa ba ne, na tashi na tsaya a tsakar gida. Mahaifiyarsa tana tankaɗe, ta tsaya tana kallona.

Na yi niyyar ƙirƙiro masa wani suna kamar yadda tsohuwar ta yi, amma ba abin da ya zo. Na nemi gafarar tsohona a zuci, na kira.

"Haruna."

Ban kai ga shirya kira na biyu ba. Na ji salula ta faɗi a siminti, labule ya yaye, sai ga shi a gabana ba takalmi, idanunsa waje.

"Na'am, Baba! Lafiya? Wa ya rasu?"

Shekara goma sha shida, ɗana bai san wani dalilin da zai sa in kira shi ba sai mutuwa. Mahaifiyarsa ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Na ce masa ba wanda ya rasu, ya ɗauko tabarma ya zo ya nuna mini yadda ake wasan nan, ya kuma gaya mini su wa ke kiran sa a ciki.

Ba zan ce muku ya warke ba. Daga baya na zaunar da shi mu biyu na yi masa tambayoyin takardar, wasu amsoshin ba su yi mini daɗi ba, kuma mun yi yarjejeniya a kan lokacin wasa wadda har yanzu muke ja-in-ja a kanta. Amma na kira ƙanena na ce ya nemi wani yaron shago. Haruna ya koma aji. Kullum in na dawo daga aiki, tun daga zaure nake kiran sa, ina ƙirgawa a zuci. Jiya sai a na biyu ya amsa, ya ce yana banɗaki ne.